Yadda Ake Tallar Tattabaru A Cikin 'Yan'uwa Masu Kiwo Ba Tare Da An Ƙosa Da Kai Ba

Sabon shiga kiwon tattabaru a Garwa ko Marwa, a arewacin Kamaru, bai cika faɗuwa wajen ciyarwa ba. Dawa da gero da masara suna nan a kasuwa, tsuntsun kuma ba shi da zaɓen abinci. Inda yake faɗuwa shi ne ranar da akurki ya cika, yana son ya rage, sai ya nufi majalisar masu kiwo da kwali a bayan babur, ko gaisuwa bai gama ba ya fara kiran farashi. Za a duba tsuntsayen, a ce masa "ma sha Allah", ya koma da su gida. Ga yadda ake bi.

Da farko ka zauna kafin ka yi talla. Duk inda masu tattabaru ke haɗuwa, a gindin bishiya ne ko a gefen masu kaji ranar kasuwa, akwai dattijon da ake jin maganarsa. Ka je sau uku ko huɗu hannu wofi, ko ka je da niyyar saye. Ka sayi ko da biyu ne daga hannun wani, ka tambayi yadda ake magance ƙwarƙwata, ka bari a san unguwarku da ɗakin tattabarunka. Ranar da za ka kawo naka, ka fara zuwa wurin dattijon ka ce, "Baba, ina da 'yan shila guda shida da nake son in rabu da su, ko zan iya kawowa jibi?" Wannan neman izini ba ya cin ko dala ɗaya. Shi ne kuma yake sa gobe in gardama ta taso a sami mai tsaya maka.

Na biyu, ka kawo kaɗan. Biyu-biyu sau biyu ko sau uku ya isa. Wanda ya zube tsuntsu ashirin a lokaci guda, abin da kowa zai fara zato shi ne cuta ta shiga masa gida yana neman kai da su. Kuma kada ka maimaita tallar tsuntsu ɗaya kullum. Ka nuna shi yau, ka bar shi sai mako mai zuwa. Haka ma hoton da kake tura wa mutane a waya: sau ɗaya ga mutum ɗaya, in bai amsa ba ka ƙyale shi.

Yanzu ga matakin da yake kashe sunan mutane, wato bayanin tsuntsu. Abu huɗu mai saye zai tambaya: shekaru, jinsi, haihuwa da lafiya. Kowanne akwai inda ake zamewa.

Shekaru ka faɗe su da wata, kada ka ce "yaro ne". Tattabara tana yin ƙwai biyu, na biyun yana zuwa kusan kwana biyu bayan na farko, ana kwanci kwana 17 zuwa 18, ɗan shila kuma yana barin sheƙa ya fara ci da kansa wajen kwana 28 zuwa 30. Kada ka sayar da shi kafin ka gan shi da idonka yana tsintar hatsi yana shan ruwa. Ɗan shila mai kwana 20 yana da girma a ido, amma har yanzu iyaye ke ɗura masa, in ya je sabon gida sai ya rame ya mutu, a ce kai ka sayar da mara lafiya. Ka sayi ɗan littafi na dala ashirin ka riƙa rubuta ranar ƙyanƙyasa. Masu kiwo na gaske suna duba fiffike su gane: manyan gashin fiffike guda goma ne, matashi yana sauya su ɗaya bayan ɗaya daga ciki zuwa waje, don haka in ka ce wata takwas alhali gashin ƙuruciya bai ko kai rabi wajen zuba ba, an kama ka tun kafin ka rufe baki.

Jinsi ya fi wuya. Kafin wata huɗu zuwa shida ba wanda zai rantse maka cewa wannan namiji ne wannan mace ce. Girman kai da kaurin wuya alama ce kawai, tana yaudara. Namiji balagagge yana kumbura wuya, yana kuka yana juyi, yana jan wutsiya a ƙasa yana bin mace, amma akwai macen da take kwaikwayon haka. In ba ka tabbata ba ka ce, "Malam, 'yan shila ne, ban raba su ba tukuna." Wannan magana ba ta rage kuɗi sosai. Abin da ke jawo rigima shi ne ka ce "miji da mata ne", mutum ya kai gida ya jira wata biyu, sai ya tarar da ƙwai huɗu a sheƙa ɗaya ba wanda ya ƙyanƙyashe, wato mata biyu ka ba shi. Ko kuma ya ga suna ta gina sheƙa ba ƙwai ko ɗaya, maza biyu ke nan.

Kalmar "masu haihuwa" kada ta fito daga bakinka sai waɗannan biyun sun ƙyanƙyashe kuma sun rene 'ya'ya a hannunka. Yin ƙwai kaɗai bai isa ba. In suna kan ƙwai lokacin da mai saye ya zo, ka haska ƙwan da fitilar waya a wuri mai duhu, daga kwana biyar zuwa bakwai za a ga jajayen jijiyoyi in akwai ɗa. Ka nuna masa 'ya'yansu na baya in suna nan. A ganina duk mai sayar da tattabarun ado, irin masu wutsiyar ɗawisu ko masu gashi a ƙafa, dole ya nuna iyaye, domin gauraye da tattabarar gida yakan yi kyau a ido amma 'ya'yansa su fito daban. In gauraye ne ka ce gauraye ne.

Lafiya kuwa, ka riga mai saye dubawa. Ka buɗe bakin tsuntsu a gabansa: in akwai wani abu rawaya-rawaya mai kama da cuku a maƙogwaro, wannan cuta ce mai yaɗuwa ta ruwan sha, kuma iyaye suna ɗura wa 'ya'ya. Ka duba gefen ido da baki da ƙafa ko akwai ƙuraje, waɗanda suka fi yawa da damina saboda sauro ne ke yaɗa su. Ka shafa ƙashin ƙirji, in ya fito kamar wuƙa tsuntsun ya rame. Wanda yake murɗe wuya, ko yake saran hatsi yana kuskurewa, ko kashinsa kore ne mai ruwa, ba shi kaɗai za ka bari a gida ba, ranar kada ka fito da kowa daga wannan akurkin. Hadisin da Muslim ya ruwaito a kan mai hatsin da ya ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa ya ɗora busasshe a sama ya shafi mai tattabara kai tsaye. Aibi ƙarami, kamar yatsa ɗaya da ya karkace ko gashin fiffike da aka yanke, ka faɗe shi ka rage kuɗi.

Sai ladabin ciniki. In wani yana taya tsuntsun ɗan'uwanka, kada ka matso ka ce "ina da irinsa, zan rage maka jaka ɗaya". Ka jira sai mai shi ya ce albarka, mai saye ya juya da kansa. Shari'a ta hana ciniki a kan cinikin wani, ta kuma hana ka sa abokinka ya yi tayin ƙarya don farashi ya hau. Kada ka kushe tsuntsun wani don naka ya fita. Farashinka ya zama ɗaya ga kowa a rana ɗaya, domin masu kiwo suna magana da juna. Ka faɗe shi da sefa, ko da daga Mubi ko Yola ka sayo da naira, canji lissafinka ne kai kaɗai. In dillali ne ya kawo maka mai saye, ku yanke la'ada kafin ciniki.

Abu ɗaya da ake mantawa: babbar tattabara takan koma gidanta na farko. Ka gaya wa mai saye ya kulle ta mako uku zuwa huɗu, in so samu ne sai ta yi ƙwai, kuma ya ware ta daga nasa na tsawon mako biyu. In ta dawo maka, ka kira shi a ranar.

Aikawa zuwa Gaundare ko Kusiri ba ta da wuya. A karɓi kafin alƙalami ta Orange Money ko MTN, a faɗi tun farko wa zai biya kuɗin cira da kuɗin mota. Kwali mai ramuka ta kowane gefe, biyu a kowane kwali, a ba su ruwa kafin a rufe, a sa a motar asuba. A watan Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40, don haka ka roƙi yaron mota kada ya ɗora kwalin a sama cikin rana, kuma ka ɗauki ɗan bidiyon tsuntsayen suna tsaye da ƙafarsu kafin ka ɗaure kwalin.