Yadda Ake Saita Tsayin Gaban Tsohuwar Dodge Charger

Kafin ka ɗauki sifana, leƙa ƙarƙashin motar ka ga abin da ke ɗauke da gabanta. Chevrolet Camaro da Ford Mustang a kan sifirin mai naɗi suke zaune. Tsofaffin motocin kamfanin Chrysler kuwa, irin su Dodge Charger ta 1968 zuwa 1970 da Plymouth Road Runner, toshan-ba gare su, wato doguwar sandar ƙarfe da ke murɗewa idan nauyi ya hau ta. A 1957 kamfanin ya koma wannan tsari. Bakaniken Panteka da ya saba da gaban Hiace ba zai ga baƙon abu ba.

Awo shi ne rabin aikin. A sami daɓen siminti mai daidai, ba ƙasar gareji da ruwan damina ya zaizaye ba. A cika tanki, a daidaita iskar tayoyi, kowa ya sauka. Danna gaban motar da ƙarfi sau huɗu ko biyar ka sake ta ta zauna da kanta. Kada ka auna daga bakin fenda, domin motar da ta haura shekara 50 da wuya jikinta bai taɓa shan gyara ba. A ƙarƙashi ake awon: daga ƙasan harshen saiti (ƙarfen da ƙusar saiti ke turawa) da ke cikin hannun ƙasa, wato ƙarfen da ya haɗa taya da jikin mota ta ƙasa, zuwa daɓe, sannan daga ƙasan boljoyin, mahaɗin da ke ƙarshen hannun ta wajen taya, zuwa daɓe, a cire na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi za ka gwada da littafin kamfani na shekarar motarka. Tsakanin hagu da dama kada bambancin ya wuce milimita 3.

Kowane ɓangare da ƙusar saitinsa a tsakiyar hannun ƙasa, kanta inci 3/4 ne, soket mai lamba 19 na kama ta. Tun da daddare a fesa mata man kashe tsatsa, a goge zaren da burushin waya. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da ƙafafun ƙarfe, ba bulo ba, har tayoyin su yi lilo. Masu gaggawa kan murɗa ƙusar alhali motar na ƙasa. Zaren da ya ci tsatsa kan tsige ƙarƙashin nauyi, gaban ya rufto a kan mai aiki. Ɗaurewa na ɗaga mota, kwancewa na sauke ta. Yi zagaye ɗaya a kowane gefe, ka rubuta, ka sauke, ka tura motar gaba da baya, ka sake dannawa, ka sake awo. Taɓa gefe ɗaya na motsa ɗayan, saboda haka sai an yi ta maimaitawa.

Saukar da gaba sosai yana da kyau a ido, amma ramukan unguwa da tudun rage gudu na titunan Kaduna ba ruwansu da ado. Hannun zai riƙa dukan robar tsayawa, kaskon man inji kuma ya kusanci kwalta. Idan ƙusar gefe ɗaya ta kusa ƙurewa motar ba ta tashi ba, sandar ce ta gaji ko bushin, wato robar da ke gindin hannun, ya mutu. A canza sandunan biyu tare. Na hagu da na dama ba a musanya su, akwai alama a bakin kowace. Kada a kama su da filaya mai haƙori, kada a kusanto da wutar walda, don ƙaramin karce ma mafarin karyewa ne.

Masu sifirin mai naɗi ba su da ƙusar saiti. Yanke shi na ƙara masa tauri, gasa shi da wuta kuma kashe shi ne. A sayo mai tsayin da ake so.

Da ka gama, wuce wajen alaimen, domin sauya tsayi na karkatar da tayoyi, su fara cinyewa ta gefe ɗaya. A duba saitin fitilun gaba ma.