Hazo da gangara: kurakuran direbobi a babban titin kan tudu

Na gaji da ganin sabbin direbobi suna hawa tudu da irin gudun da suka taso da shi daga kwari. A ƙasa rana tarwai, a sama hazo ya rufe, su kuwa ƙafa na nan kan totur. Duk hawan mita 1,000, zafin iska kan ragu da kusan digiri 6, shi ya sa yanayi ke juyewa kafin ka ankara.

Mafi muni shi ne manne wa jar fitilar motar gaba a cikin hazo, wai ita ce jagora. Haba malam! Shi ma na gaban lalube yake yi. A gudun kilomita 100 a awa, mota na cinye kusan mita 28 a daƙiƙa guda. In ganinka bai wuce mita 50 ba, ko daƙiƙa biyu ba ka da su. Haka wani ya afka mini ta baya a tsakiyar jerin motoci, but ɗin motata ya shige ciki, gilashi ya watse a kujerar baya, har yau wuyana kan tuna mini idan sanyi ya shigo. Ni dai nakan zaɓi wata alama a gefen titi, idan na gaba ya wuce ta in ƙirga huɗu kafin in iso. Mai gaggawa ya wuce abinsa.

Sai masu sa mota a firi, wato su cire ta daga giya, a gangara don tattalin mai. Man nawa ne? Nauyin mota duka ya koma kan birki, ya yi zafi, ka fara jin ƙauri, ka taka ka ji ya yi lagwas. Tun daga saman gangarar nake komawa ƙaramar giya, inji ya riƙe motar. A jiƙaƙƙiyar kwalta nisan tsayawa kan ninka, a kan ƙanƙara yana iya kaiwa ninki goma.

Doguwar fitila a hazo idonka take dawowa, ka yi amfani da gajeriya. Yayyafin farko bayan fari ya fi santsi, domin yana tayar da mai da ƙurar kwalta. Gada kan riga sauran titi daskarewa. In sitiyari ya yi sakwaf a kan ruwa, ɗaga ƙafa daga totur, kada ka danna birki. Wajen wuce tirela a fili kuma, riƙe sitiyari da hannu biyu, iskar gefe na jiranka da zarar ka fita daga jikinta.