In ka sauka Osaka, ga yadda za ka zaga gari ka ci abinci hankali kwance

Jama'ar Katsina masu tambayata kullum wai mi ake ci a Japan, to ga shi na zauna na rubuto. Abu na farko tun daga gida, kar ka kuskura ka cusa kilishi ko dambun nama a jaka, ƙasar ba ta yarda a shigo mata da nama ba, a filin jirgi za su ƙwace kana kallo. Yajinka dai ka riƙe.

Jirgi zai aje ka a filin Kansai na birnin Osaka, wanda aka gina bisa tsibirin da mutum ya cike cikin teku. Nan take ka sayi katin ICOCA ka zuba mai kuɗi, da shi za ka riƙa hawa jirgin ƙasa da bas har sayayya a kanti, taɓawa kawai kake ka wuce. Ka hau jirgin ƙasa na kamfanin Nankai zuwa Namba, unguwa a tsakiyar gari, kamar minti 45 ne. A matakala mai tafiya da kanta ka tsaya ɓangaren dama, 'yan Tokyo ne ke tsayawa hagu.

Daga Namba ka taka da ƙafa zuwa Dotonbori, layin masu abinci, da yamma, wallahi ƙamshi kaɗai ya ishe ka. Fara da takoyaki. Ranar da na fara ganin ana yin shi dariya na yi don tandar sak ta masa ce, ƙulli ake zubawa a sa yankan wata halittar teku mai hannu takwas a tsakiya ana juyawa da tsinke har ya mulmule, amma ka bari ya huce, ni na jefa guda a baki gaba ɗaya sai da na yi hawaye a gaban mutane. Akwai kitsune udon, taliya mai kauri da romo da soyayyar awara a sama, eh awarar nan dai tamu, sai dai tasu da ɗan zaƙi.

Inda aikin yake shi ne tambaya. Okonomiyaki kamar wainar fulawa ce da kabeji, amma yawanci da naman alade ake soyawa, romon taliyar ramen ma sau da yawa na ƙashin alade ne. Sunan naman butaniku, ka haddace. Sannan akwai mirin da sake, giyar shinkafa da suke zubawa a miya yadda muke sa daddawa, ba ganinta za ka yi ba. Don haka ka aje tambayarka a waya da yarensu ka nuna wa mai abinci, ko ka nemi shagon da ya kafa alamar halal, akwai su a Namba. In abin ya cakuɗe maka, shiga kantin Lawson ko 7-Eleven ka sayi dafaffen ƙwai da ayaba.

Ba a barin ihsani a tebur, biyo ka za su yi da canjinka. Kwandon shara kuma da wuya ka gani a titi, riƙe ledarka. Ranar Juma'a ka hau jirgin ƙasa zuwa birnin Kobe, kusan rabin awa ne, ka yi salla a masallacin da aka gina tun 1935, kantunan halal na nan kusa da shi.