Kurakuran da Ake Yi Wajen Barin Medicare Advantage a Koma Medicare na Gwamnati a Amurka

Dattawanmu da ke zaune a Amurka, da 'ya'yan da ke kula da takardunsu, sukan shiga Medicare Advantage, wato inshorar lafiyar dattawa ta Medicare da kamfani mai zaman kansa ke gudanarwa, saboda kuɗin wata-wata kaɗan ne ko babu, ga gyaran haƙori da tabarau. Sai ciwo ya yi tsanani, likitan da ake so ba ya cikin jerin likitocin kamfanin, ko a yi ta jiran izinin kamfani kafin a ɗauki hoto ko a yi tiyata. Nan ne ake cewa bari a koma Medicare na asali, wanda gwamnatin tarayya ke biya kai tsaye. Komawar halal ce, amma akwai ramuka a hanya.

Babban kuskure shi ne fita kafin a samu ƙarin inshorar da ake kira Medigap. Medicare na asali yana biyan kashi 80 cikin ɗari na kuɗin likita a Sashen B, wato ɓangaren ganin likita da jinyar da ba a kwantar da mutum ba, sauran kashi 20 na wuyan mara lafiya, kuma babu iyakar abin da zai biya a shekara. A 2025, duk kwanciyar asibiti sabuwa sai mutum ya fara biyan dala 1,676 daga aljihunsa, ga dala 257 kuɗin farko na shekara a Sashen B. Mai wankin ƙoda ko maganin daji, kashi 20 ɗin nan kaɗai ya isa ya cinye abin da ya tara. Medigap inshora ce ta kamfani mai toshe wannan giɓi. Matsalar ita ce, lokacin da doka ta hana kamfani ƙin karɓar mutum wata shida ne kacal, daga watan da yake da shekara 65 kuma yana cikin Sashen B. Bayan nan, a yawancin jihohi, kamfani zai tambayi tarihin lafiyarka, ya tsawwala kuɗi ko ya ƙi ka gaba ɗaya saboda ciwon suga, zuciya ko shanyewar ɓarin jiki.

Gyaran shi ne bin abu daki-daki. Ka fara neman Medigap, ka amsa tambayoyin lafiya da gaskiya, ka jira takardar amincewa mai ɗauke da ranar farawa. Sai bayan ta zo hannu sannan ka fita, kuma ka daidaita ranakun yadda Medigap zai fara ranar da tsohon tsarin ya ƙare. In an ƙi ka, gara ka canja zuwa wani Medicare Advantage da likitanka ke ciki da ka zauna babu rufi.

Mutane da yawa kuma ba su san suna da haƙƙin da babu kamfanin da zai tauye ba. Wanda ya shiga Medicare Advantage tun farko da ya kai 65, in bai cika wata 12 a ciki ba, zai iya fita ya sayi kowane Medigap da ake sayarwa a jiharsa ba tare da tambayar lafiya ba. Wanda ya bar Medigap ya gwada Advantage karo na farko, shi ma yana da wata 12 ya koma tsohon nasa in kamfanin na sayar da shi har yanzu. Haka in kamfanin ya janye daga yankinka, ko ka ƙaura zuwa inda ba ya aiki. A nan kwana 63 kake da su bayan inshorar ta ƙare. Kada a jefar da wasiƙar da kamfanin ya aiko, ita ce shaidarka. Mazauna New York, ciki har da jama'armu na Bronx, da na Connecticut, dokar jiharsu ta ba su damar sayen Medigap kowane wata na shekara. Kada ɗan'uwa na Texas ya ji labarin na New York ya ɗauka haka take a wurinsa.

Sai lokaci. Ban da irin waɗancan yanayi na musamman, ƙofar fita biyu ce: daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba, canjin ya fara aiki 1 ga Janairu, ko daga 1 ga Janairu zuwa 31 ga Maris, ya fara farkon watan da ke biye, kuma canji ɗaya ake yarda a wannan karon. Daina biyan kuɗin wata ba hanyar fita mai kyau ba ce, yana iya jawo bashi. Sayen Medigap ma ba ya cire mutum daga Advantage.

Mantawa da magani ya fi kowane kuskure saurin cizo. Yawancin tsare-tsaren Advantage sun haɗa da magunguna, Medicare na asali da Medigap kuwa ba sa biyan yawancin abin da ake karɓa a kantin magani. Dole a shiga Sashen D, wato inshorar magani, daban, kuma ga mai Advantage irin wanda ake kira HMO ko PPO, shiga Sashen D ɗin kanta ce ke cire shi daga Advantage. Wanda ya yi kwana 63 a jere babu inshorar magani, za a ɗora masa tara ta kashi 1 cikin ɗari na ma'aunin kuɗin wata na Sashen D na ƙasa a kan kowane wata da ya yi babu ita, kuma tarar tana bin sa muddin yana Sashen D. Kafin zaɓe, a jera magungunan Baba ko Hajiya da sunansu da ƙarfinsu, a shigar a shafin Medicare.gov a ga wane tsari ne ke biyansu a kantin unguwa.

A shirya wa abin da za a rasa: haƙori, tabarau da na'urar ji ba sa cikin Medicare na asali. In akwai haƙoran da za a gyara, a gama kafin ranar fita. Tsare-tsaren Medigap da haruffa ake kiransu, kuma wajen zaɓen harafi, C da F an rufe su ga wanda ya cancanci Medicare daga 1 ga Janairun 2020. G yana biyan kusan komai ban da kuɗin farko na Sashen B. N ya fi araha, amma akwai har dala 20 a ganin likita.

Ga mai zuwa gida Kano, Yamai ko Kumasi, ko mai niyyar Hajji da Umara, Medicare na asali ba ya biyan jinya a wajen Amurka sai a 'yan yanayi ƙalilan. G da N suna biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya, bayan dala 250 na farko, iyakarsa dala 50,000 a rayuwa. Wanda zai yi wata huɗu a gida ya nemi inshorar tafiya ta dabam.

Mai Medicaid, wato tallafin lafiya na gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, tare da Medicare galibi ba ya buƙatar Medigap, don haka kada dillali ya sa shi biyan kuɗi a banza. Kowace jiha tana da ofishin SHIP mai ba da shawara kyauta ba tare da sayar da komai ba, kuma a lambar 1-800-633-4227 ana iya neman tafinta. A tafi da katin nan na Medicare mai ja da fari da shuɗi, domin daga ranar komawa shi za a riƙa nunawa a asibiti.