Yadda zaka gane ana cutar da tsoho ko an yi watsi da shi

Jama'a in kaje gaida tsoho ko tsohuwa karka tsaya kan "Baba ya jiki" kawai, don amsar ɗaya ce, Alhamdulillah. Tsoho ba zai tona asirin ɗan cikinsa ba ko da yunwa yake kwana, saboda haka ido zaka sa. A nan Abuja abin yafi ɓuya, an ɗauko Hajiya daga ƙauye an ajiye ta a ɗakin baya a Kubwa ko Gwarinpa, kowa ya fita aiki tun asuba sai dare, an bar ta da 'yar aiki ko ma ita kaɗai, get a kulle.

Fara da hanci. Zarnin fitsari a ɗaki, zanin gado da ya kwana biyu ba a canza ba. Sai ka duba jiki, rama, leɓe a bushe, farce zaƙo-zaƙo. In ba ya iya tashi a duba bayansa da kwankwaso da diddige, nan gyambon kwanciya yake fara fitowa in ba a juya mutum, alhali ya kamata a juya shi kamar duk awa 2. Amma fa a bi a hankali, fatar tsoho ba ta da wuyar tara jini, ɗan bugewa kaɗan sai tabo. Wanda zai ɗaga maka hankali shine tabo a damtse biyu kamar an damƙe shi, ko shatin igiya a wuyan hannu, ko labarin ciwon yana canzawa, yau a bayi ya faɗi gobe daga gado.

Ɗauki kwalin maganin hawan jini ko na suga ka ƙirga. In na wata ɗaya ne kuma har yanzu cike yake, to ba a ba shi.

Sai batun kuɗi, wallahi nan ne 'yan uwa suka fi cin amana. Katin ATM na hannun wa? Fansho na shiga amma ko kuɗin goro babu, waya an karɓe wai kar a dame shi, ko an sa shi dangwala hannu a takardar fili bai san me ke ciki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama sun fuskanci wani nau'in cutarwa, kuma tsawa da gori da zagi duk suna ciki. Rikicin tsufa kuma ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba, asibiti za a kai mai fama da shi.

Lura ko yana yin tsit in wani ya shigo, ko mai kula da shi na riga shi amsa. Nemi ku keɓe ka tambaya cikin ladabi, "Baba me kaci yau, wa ya kawo maka?" Karka tari mai gidan da faɗa, kana tafiya kan tsohon za a huce. Wani lokacin ma gajiya ce ta ci mai jinyar, sai dangi su raba kwana. In abin ya kai duka ko kulle mutum, a sa manyan dangi da liman, in bai tsaya ba akwai dokar hana cin zarafin mutane ta 2015, wato VAPP, da hukumar yaƙi da fataucin mutane NAPTIP ke kula da ita a Abuja, ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a Maitama, in kuma rai na cikin haɗari a kira 112.