Yadda ake farfasa dutsen ma'adini har ya zama gari

Galibi zinariya da tagulla ba sa fitowa daga ƙasa a ware. Ƙwayoyinsu na maƙale ne a cikin dutsen banza, wasu ma ido ba ya ganinsu. Dalilin farfasawa ke nan: a raba ƙwayar da dutsen da ya riƙe ta. Da zarar ta rabu, duk niƙan da ya biyo baya asara ce.

Kafin a kunna inji, a kai samfurin dutsen ɗakin gwaji a san abu biyu: girman ƙwayoyin da taurin dutsen. Ma'aunin da wani injiniya ɗan Amurka, Fred Bond, ya fito da shi a 1952 shi ake bi har yau, yana nuna yawan lantarkin da tan guda zai ci kafin ya yi laushin da ake so. Wanda ya tsallake gwajin nan, a makance ya sayi inji.

Matakin farko shi ne karya manyan duwatsu. Abin da nakiya ta fasa kan kai mita guda. Ana juye shi a kan jerin sandunan ƙarfe, ƙananan su zube su wuce, manyan su faɗa injin muƙamuƙi. Faranti biyu ne na ƙarfe, ɗaya a kafe, ɗaya yana matsowa yana komawa, sama a buɗe, ƙasa a tsuke. Eli Whitney Blake ya yi masa rajista a Amurka a 1858, kuma fasalinsa bai canja sosai ba. Dutse na fita da girman santimita 10 zuwa 20. In ya toshe, a kashe wuta a sa wa makunnin kwaɗo kafin kowa ya leƙa ciki.

A rataya maganaɗisu a saman bel ɗin da ke ɗaukar dutsen. Guntun haƙorin motar haƙa ɗaya ya isa ya lalata inji na gaba.

Na gaban kuwa inji ne mai kan mazurari da ke juyawa a karkace cikin kwanon ƙarfe, yana matse dutse a jikin kwanon har ya koma tsakuwa, santimita ɗaya zuwa biyar. Daga nan sai rariya mai girgiza: wanda ya wuce ya ci gaba, wanda ya tsaya a mayar da shi. A wannan sashe ƙura ta fi tashi, kuma ƙurar silika, wani sinadari da ke cikin dutse da yashi, na cinye huhu a hankali, don haka yayyafin ruwa da takunkumi dole ne.

Sai niƙa, inda kuɗin ke tafiya, don babu sashen da ya kai shi shan lantarki. Ana zuba tsakuwar da ruwa cikin ƙatuwar ganga a kwance, wadda ƙwallayen ƙarfe suka cika kusan kashi ɗaya bisa uku na cikinta. Gangar na juyawa, ƙwallayen su hau jikinta su faɗo kan tsakuwar. Gudun ne abin lura. In ya yi kaɗan, ƙwallayen sai dai su yi ta mirgina a ƙasa. In ya yi yawa, su manne da jiki su daina faɗowa, ganga na ta ruri ba a niƙa komai. Shi ya sa ake tsayar da shi wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na gudun da zai sa su manne.

Caɓin da ya fito ana tura shi da famfo cikin wani mazurari, ya yi juyin guguwa. Masu nauyi su gangara su koma ganga, masu laushi su fita ta sama zuwa sashen tacewa. A ma'adinin zinariya sau da yawa ana neman kashi 80 cikin ɗari su wuce rariya mai ramin maikiron 75, wajen kaurin gashin kai. A riƙa ɗebo caɓin a kai a kai ana tankaɗewa. In ya yi tsakuwa-tsakuwa, a rage dutsen da ke shiga. In ya zama laka, a ƙara.