Yadda ake gwajin gani da allo, da dabarar ɗan rami

Kafin likita ya duba mara lafiya kai mai taimaka wa likitan a asibitin ido, kai ne za ka fara auna ganinsa, kuma lambar da ka rubuta a kati ita za a yi ta waiwaya har bayan an yi aiki, don haka kar ka yi shi a gurguje.

Allon nan mai manyan haruffa a sama ƙanana a ƙasa, wani likitan ido ɗan ƙasar Holan ne Herman Snellen ya fito da shi a 1862. Ka zaunar da mutum mita 6 daga allon, ka auna da tef ka yi alama a ƙasa, ban da kintace. In ɗakin ƙarami ne a kafa madubi a mita 3, allo mai juyayyun haruffa a bayan mara lafiyar, zuwa da dawowa 6 ke nan.

Fara da idon dama kullum don kar ka rikice wajen rubutu. Ya rufe na hagu da tafin hannu, ba yatsu ba, saboda mutane na leƙe ta tsakanin yatsu, ba wai ha'inci ba ne, kawai ba mai son a ce ya kasa. Kuma kar ya danne idon, in ya danne gani na dushewa na ɗan lokaci. Wanda bai iya karatu ba a sa masa allon E ya nuna da hannu inda ƙafafun suka dosa. In ya ce ba ya gani kar ka tsaya nan, ce masa "Baba ku dai gwada", sau da yawa sai ka ga ya ƙara layi.

In ka rubuta 6/18, ma'ana abin da lafiyayyen ido ke karantawa daga mita 18 shi sai ya matso mita 6. Ya kasa babban harafin 6/60? Matso da shi mita 3 ka rubuta 3/60, daga nan ƙirga yatsu, motsin hannu, na ƙarshe hasken tocila.

To ga inda sababbi ke sakaci. Duk wanda bai kai 6/6 ba, ba shi marufi mai ɗan rami, faɗinsa wajen milimita 1, ya sake karantawa. Ramin na tare hasken da ke shiga ta gefe ya bar na tsakiya wanda ba ya buƙatar lanƙwasawa sosai, shi ya sa in gani ya gyaru to galibi matsalar tabarau ce, in kuwa bai gyaru ba ko ya ƙara lalacewa sai a yi tunanin yanar ido ko ciwon tantanin bayan ido, wannan kuma na likita ne ba naka ba.

Ƙarfin gilashi da diyofta ake auna shi, lissafin ba wuya: raba 1 da nisan inda gilashin ke tara haske, a mita. Gilashin +2.00 na tara haske a santimita 50, +4.00 a 25. Mai ganin kusa kawai, haskensa na taruwa kafin ya isa tantanin, shi ake ba mai alamar ɗebewa, siriri a tsakiya. Mai alamar tarawa, mai kauri a tsakiya, na wanda haskensa bai gama taruwa ba ne, da kuma 'yan shekara 40 zuwa sama da suka fara nesanta takarda da fuska.

In an miƙo maka tabarau babu na'ura kusa, riƙe shi kusa da idonka ka kalli bakin ƙofa ka motsa shi dama da hagu. Hoton ya bi hannunka, na ɗebewa ne. Ya yi akasi, na tarawa ne.